Batir ya mutu, ƙofar but ta ƙi buɗuwa: ta ina ake shiga?

Tambaya: Na ajiye motata kusan wata guda ban tayar ba. Da na dawo sai na tarar batir ya mutu murus, ko fitilar dashbod ba ta kawowa. Motar irin mai ƙofar but ɗin nan ce da ake ɗagawa sama gaba ɗaya har da gilashinta. An ce mini batirin yana baya, ƙarƙashin shimfiɗar but, ga shi kuma ƙofar ba ta da ramin makulli, maɓalli ne kawai, na danna har na gaji. Wani ya ce a sa ƙarfe a ɓanɓare ta, wani ya ce a fasa gilashi. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ka sallami mai ƙarfe da mai fasa gilashi, ka yi musu godiya su tafi. Ƙofarka lafiyarta ƙalau, wuta ce babu. Na daɗe ina aikin wayarin ɗin mota, kuma ƙofofin but da aka kawo mini a lanƙwashe saboda wannan matsala sun fi waɗanda suka lalace da kansu yawa. Leɓen ƙofar in ya lanƙwashe sau ɗaya, ya daina zama daidai a kan robarsa ke nan, ruwa da ƙura su samu hanya, alhali abin da ake nema bai wuce aikin minti goma ba.

Ka fara gane abin da ke faruwa idan ka danna maɓallin nan. A motocin da, tsakanin hannunka da sakatar ƙofa akwai sandar ƙarfe ko waya irin ta birkin keke: ka ja nan, can ya motsa, babu ruwan kowa da batir. A motarka kuwa maɓallin ba ya taɓa sakata ko kaɗan. Ɗan aike ne. Saƙo yake kaiwa ga kwamfutar da ke kula da ƙofofi da fitilu, ita kuma ta duba ko motar a kulle take, ko makulli yana kusa, sannan ta tura wuta zuwa wani ɗan ƙaramin moto da ke cikin makullin ƙofar, shi ne yake ture ƙugiya ta saki ƙarfen da ta riƙe. Wannan 'yar ƙarar da ka saba ji kafin ƙofar ta ɗago, tasa ce. Yanzu mai karɓar saƙon barci yake, moton ma ba shi da abin juyawa. Don haka hanya biyu ce gare ka: ko ka kai musu wuta ta wani wuri, ko ka kai hannunka inda moton yake, ka yi masa aikinsa.

Tun da ka ce dashbod ma ba ya kawowa, ke nan ka riga ka shiga motar. Amma saboda masu karatu da ke tsaye a waje: kusan kowane rimot yana da siririn makullin ƙarfe a ɓoye a cikinsa, akwai ɗan maɓalli a gefe ko a baya da ake dannawa a zare shi. Ramin makullin yana jikin hannun ƙofar direba. In ba ka gan shi ba, an rufe shi ne da ɗan murfin roba a ƙarshen hannun. Leƙa ƙasan murfin za ka ga 'yar kafa, ka sa bakin makullin ka ɗaga a hankali ya fita. Ramin da ya shekara biyar ba a sa masa makulli ba yakan yi tauri. Fesa masa mai kaɗan, ka riƙa juyawa gaba da baya, kada ka murɗa da ƙarfi makullin ya karye a ciki, ka sayi wata wahalar. Ƙofar direba kaɗai za ta buɗe. Sauran sai ka miƙa hannu ta ciki, kuma wasu motocin Turai masu kulle biyu ko hannun ciki ba ya aiki sai wuta ta dawo.

Hanyar da nake fara bi, kuma wadda nake so ka fara gwadawa, ita ce kai wuta ta gaba. Masu ƙera mota da suka mayar da batir baya sun san wannan rana za ta zo, shi ya sa suka bar wurin ba da wuta a ƙarƙashin bonet. Bonet ɗin kuwa a mafi yawan motoci har yanzu da waya ake jan sa, ba ya jiran batir. Buɗe shi ka nemi jan murfi mai alamar +. A BMW yawanci a fili yake, ɗan gungumen ƙarfe ne ƙarƙashin jan murfi, kuma kusa da shi akwai wani noti mai kauri a jikin bodi da aka tanada don baƙar waya. A Toyota Prius ta 2004 zuwa 2015, wadda ƙaramin batirinta ke baya ta gefen dama, sai ka buɗe akwatin fiyus na ƙarƙashin bonet, a ciki za ka ga jan murfin, ka ɗaga shi ka samu ɗan faifan ƙarfe. Wannan wuri haɗe yake da kan batirin da ke baya ta wata waya mai kauri da ta ratsa tsawon motar, don haka ba shi wuta daidai yake da ba batirin.

Samo lafiyayyen batir mai volt 12, ko na wata motar, ko ƙaramin akwatin nan na tayar da mota da ake caji, tare da wayoyin ba da wuta, ja da baƙa. Jar waya ka fara maƙalawa a wurin + na motarka, ɗaya bakin a + na batirin aro. Baƙar waya a − na batirin aro, sannan bakinta na ƙarshe a jikin ƙarfen motarka inda babu fenti, ko notin da aka tanada, ko wani ƙarfe mai kauri a jikin inji. Duba sau biyu kafin bakin ƙarshen nan ya taɓa ƙarfe. Juya wayoyi na daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙone babban fiyus, wani lokaci har da altaneta, na'urar da ke yi wa batir caji in inji na aiki, ka ga an tashi daga matsalar ƙofa an koma matsalar mota sukutum.

Ga inda na fi ja wa mutane kunne: kafin ka maƙala wayar ƙarshe, taɓa aljihunka ka tabbatar rimot yana ciki, kuma ka bar ƙofar direba a buɗe. Mota in wuta ta dawo mata, takan farka a halin da ta kwanta. Ta kwanta a kulle, tana iya farkawa ta ja duk makullanta lokaci guda. In rimot na kan kujera, ƙofa kuma a rufe, ka zama ɗan kallo. Ƙararrawar ɓarayi ma tana iya ɓarkewa da ihu, kada ka firgita ka fizge waya. Danna maɓallin buɗewa a rimot za ta yi shiru.

Da wuta ta shiga za ka ga fitilar ciki ta kawo. Danna buɗewa a rimot tukuna, sannan ka zagaya baya ka danna maɓallin but. Ba sai ka tayar da inji ba, wutar da moton makulli yake ci kaɗan ce ƙwarai, ba ta kama ƙafar abin da kik yake ja ba. In ka danna ba ta buɗe ba, ko ka ji wani rarraunan ƙas-ƙas, kada ka yanke ƙauna. Batirin da ya bushe ƙaf kamar ƙasar da ta daɗe ba ta ga ruwa ba ce, duk abin da aka zuba shi yake fara shanyewa. Bar wayoyin a haɗe minti biyar zuwa goma, in da motar aro ce a bar injinta yana aiki, sannan ka sake gwadawa. Masu amfani da akwatin tayar da mota kuma su san cewa da yawansu ba sa sakin wuta sai sun ji alamar rai a batirin da aka haɗa su da shi. In ya mutu sosai sai akwatin ya yi gum kamar ba a haɗa komai ba. Irin waɗannan sukan zo da maɓallin tilastawa, amma da ka danna shi kariyar juya waya ta tafi, saboda haka ka tabbatar da + da − ɗinka kafin nan.

Za ka ji wasu na cewa a ba da wutar ta ramin kunna taba ko ta soket ɗin da ake sa kwamfutar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Ni ba na so. Ramin kunna taba a motoci da yawa a yanke yake muddin ba a kunna makulli ba, wutarka ba za ta je ko'ina ba. Soket ɗin kwamfuta kuwa gaskiya ne ƙafarsa ta 16 tana haɗe da batir kullum, amma siririyar waya ce a bayan ƙaramin fiyus, kuma mataccen batir yana iya jan abin da ya fi ƙarfinta. Mai sana'a da na'urar da ke taƙaita wuta zai iya yi. Kai da wayoyin aro a hannu, bar shi.

To, in babu batirin aro, ko an yi fakin yadda wata motar ba za ta iya matsowa ba, sai hanya ta biyu: a shiga ta ciki. Ɗauki tocila da sukundireba mai faɗin baki. Kwantar da kujerun baya. A irin motarka abin sakinsu yakan kasance a kafaɗar kujera, kusa da matashin kai, hannu yana kaiwa daga cikin mota. Cire murfin kaya idan akwai, ka fitar da abin da za ka iya fitarwa ta gaba, sannan ka rarrafa har ka isa jikin ƙofar.

Haska tsakiyar ƙofar ta ƙasa, daidai saman inda take kama ƙarfen bodi. A jikin robar da ta lulluɓe ƙofar za ka ga wani ɗan murfi, wani mai kusurwa huɗu kamar akwatin ashana, wani zagayayye, launinsa ɗaya da robar, shi ya sa mutum zai yi shekaru da mota bai taɓa lura da shi ba. A gefensa akwai 'yar tsaga. Naɗa ƙyalle a bakin sukundireba ka sa a tsagar ka ɗaga, zai fito da 'yar ƙara. A bayansa duhu ne, da ƙura, da wayoyi biyu ko uku da suka shiga wani akwatin baƙar roba: makullin ke nan. A jikinsa nemi ɗan harshe, na ƙarfe ko na farar roba, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Shi ne abin da moton yake turawa. Sa bakin sukundireba ka tura shi gefe, in bai tafi ba ka gwada ɗaya gefen, ba ya son ƙarfi. Haka abin yake a Honda da Toyota da yawa. A Volkswagen Golf kuma babu murfin ma, 'yar tsaga ce kawai a jikin robar, ka zura makullin ƙarfen nan na rimot ka tura shi gefe.

Abin da ke ruɗa mutane a nan shi ne suna tura harshen, su ji ƙas, su saki, su tura ƙofa su ji ta a kulle. Nauyin ƙofar ne ya mayar da ƙugiyar wurinta. Dole ka riƙe harshen a ture, a lokaci guda ka tura ƙofar da kafaɗa ko gwiwa, ko wanda ke waje ya ɗaga. In kuma harshen ya yi tauri ya ƙi motsi, duba ko kaya ne suka jingina da ƙofar suna matse ƙugiyar. Janye su, ka ce wa na waje ya danna ƙofar ciki da tafin hannu yayin da kake turawa, za ka ji ta saki.

Kada ka ɓata lokaci kana neman hannun nan mai haske a duhu da ake gani a but ɗin wasu motoci. Dokar Amurka ce ta wajabta shi tun watan Satumba na 2001, domin wanda aka rufe a but ya iya fitowa, amma ta shafi motoci masu but a ware ne, ban da masu ƙofar baya irin taka, tun da su ana iya tsallakawa zuwa kujeru. Shi ya sa naka a ɓoye yake, kuma akwai motocin da ba a bar musu murfin ba sam. In taka haka take, sai an cire robar ƙofar. 'Yan maɓallan roba ne suka riƙe ta, da sukurori ɗaya ko biyu da sukan ɓuya a cikin ramin da ake kamawa a jawo ƙofa. Fara da sukurorin, sannan ka ɓanɓaro gefen ƙasa kaɗan yadda hannu da tocila za su shiga. Da ƙofa a rufe aikin yana da takura, maɓalli ɗaya ko biyu za su karye, ba komai, ana sayar da su.

Yayin da kake ciki, a bar ƙofar gefe a buɗe, kuma a samu wani a tsaye a waje. Mota a rufe cikin rana tana zafi da sauri fiye da yadda ake zato. Kada kuma a tura yaro don ƙanƙantarsa.

In ƙofarka mai ɗaga kanta ce da moto, bayan ƙugiya ta saki za ka ji ta da nauyi da turjiya, domin kana juya moton da ke cikin sandunanta ne da hannu. Ɗaga ta sannu a hankali, kada ka fizga. In kuma mai sandunan gas ce kuma sun tsufa, tokare ta da sanda kafin ka sunkuya ƙarƙashinta.

Yanzu ta buɗe. Kada ka rufe ta. Na faɗa, zan kuma maimaita, saboda ni kaina ta taɓa cin ni. Wata rana na rarrafa cikin wata mota, na sha ƙura, na buɗe but, na kwance batir na ɗauka zan kai caji. Mai motar, mutumin kirki, ya ga ƙofa a hangame ya ce bari ya taimaka, sai ji na yi gam! Ga batir a hannuna, ga sukundireba da tocila a cikin but. Sai da na ari wasu na sake rarrafawa. Tun ranar, da ƙofa ta buɗe abin da nake fara yi shi ne in ninka tsumma in ɗora a kan ƙarfen da ƙugiya ke kamawa, yadda ko an sake ta ba za ta kama ba. Sannan ka lura: in ka cire batirin gaba ɗaya, kan wayar + da ka kwance kada ya taɓa bodi. Naɗe shi da ƙyalle ko ka sa shi cikin safar hannu, domin duk wanda ya ba da wuta ta gaba a wannan hali, wutar a wannan kan wayar za ta fito.

Batirin kansa, gwada shi da mita. Cikakke yana nuna kusan volt 12.6, in ya nuna 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 ya yi ƙasa sosai. Mutuwarsa bayan wata guda ba abin mamaki ba ne. Mota ko a kashe tana shan 'yar wuta don agogo da ƙararrawa da na'urar da ke sauraren rimot. Ko da abin da take sha bai wuce kashi 1 cikin 20 na amfiya ɗaya ba, in ka lissafa awa 24 sau kwana 30 za ka samu 36Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), alhali a jikin batirin wataƙila 45Ah ko 60Ah aka rubuta, shi ma lokacin yana sabo. Sa shi a caja ya kwana ya fi a tayar da mota a bar wa altaneta aikin. In sauyawa za ka yi, batirin da ke zaune cikin but yana da 'yar tiyo a gefensa da ke fitar da iskar da yake saki zuwa wajen mota, ka tabbatar an mayar da ita. In nau'in batirin da ake kira AGM ne a ciki a sa AGM, kuma motoci irin su BMW sai an shaida wa kwamfutarsu cewa an sa sabon batir, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa cajin tsoho. Wajen kwancewa − ake fara cirewa, wajen ɗaurawa shi ne na ƙarshe. In motar mai haɗin fetur da lantarki ce, duk wayar da ka gani mai ruwan lemo ba taka ba ce. Ta babban batir ce, wanda a Prius ya haura volt 200.

Bayan wuta ta dawo, kada ka yi mamaki in gilashin ƙofa ya daina hawa da dannawa ɗaya, ko but mai moto ya yi ƙara ya ƙi tafiya. Sun manta iyakarsu ne. But ɗin ka rufe shi da hannu har ya kama sosai, yawanci daga nan yake dawowa daidai. Gilashi kuma ka sauke shi ƙasa, ka ɗaga shi har ƙarshe ka riƙe maɓallin 'yan daƙiƙu.

Saura abu ɗaya. In ka ba da wuta, fitilu sun kawo, sauran ƙofofi suna buɗewa da rimot, amma but shiru, to mutuwar batir ta tarar da wata cutar ce. Kasa kunne a jikin ƙofar wani ya danna. In moto yana ƙara amma ba ta saki ba, matsalar a makullin take. In rimot yana buɗe ta amma maɓallin jikinta ba ya yi, maɓallin ne ruwa ya shiga ta robarsa da ta tsage. In babu ƙara ko ta ina, duba fiyus, sannan ka je saman ƙofar, kusa da inda take lanƙwasawa, akwai wata roba mai kama da maƙogwaro da wayoyi ke bi ta ciki daga bodi zuwa ƙofa. Duk buɗewa da rufewa sai sun tanƙwaru a nan, kuma a nan suke karyewa. Zare robar ka ja kowace waya a hankali da yatsa, wadda ta karye a cikin rigarta za ta miƙe kamar danƙo.

Wayoyin ba da wuta kuma, na san inda ka ajiye su: a cikin but, kusa da safaya taya. In ka gama, mayar da su ƙarƙashin kujerar gaba, tare da ƙaramin sukundireba.